Lamunin Mai Tuƙi: Lacca a Kan Iskar Mota, da Gilashinta, da Abin da Take Ja

 

An umurce ni in yi bayani a kan abubuwa uku waɗanda mai mota ke mu'amala da su ba tare da ya ɗauke su a bakin komai ba, wato na'urar da ke sanyaya mota ko ta ɗumama ta, da gilasan tagoginta, da kuma jan wani abu a bayanta. La'alla wani ya ce waɗannan ƙananan mas'aloli ne, ba su kai a tara dattawa dominsu ba. Amma duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure, a Madabo ko a wata unguwa ta birnin nan na Kano, ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, har ya isa babin hukunce-hukuncen jini, ya san cewa malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ɗora lamunin ɓarnar da dabba ta yi da ƙafarta a kan mutumin da ke sarrafa ta, ko yana bisa bayanta, ko yana riƙe da akalarta a gaba, ko yana kora ta daga baya. Kuma Imamu Malik ya riga ya kawo hukuncin a cikin Muwaɗɗa. To, direba ya tara matsayin nan uku shi kaɗai: yana bisa motar, shi ke kora ta, in kuwa ya ƙulla mata wani abu a baya ya zama mai ja. Wannan lamuni shi ne jigon maganata, sauran duk sharhinsa ne.

Ya kamata mu tuna tun farko cewa birnin nan ba domin mota aka gina shi ba. Ganuwar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, da kasuwar Kurmi, da lungunan da ke tsakanin Dala da Gidan Rumfa, an auna faɗinsu ne da jaki da mangala, da raƙumi, da mahayin doki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo bayansa suna jigilar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tasha, har ya zamana a zamanin Sarki Abdullahi Bayero sai da aka huda Sabuwar Ƙofa a jikin ganuwa. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, ƙasar nan ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. A 2012 gwamnatin jiha ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA. Duk da waɗannan hukumomi da irinsu a sauran ƙasashe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a kan hanya kowace shekara, domin hukuma tana iya tsayawa a bakin titi, amma ba ta iya shiga cikin mota ta zauna kusa da kowane direba.

Fasali na farko: iskar cikin mota

Mu fara da zafi, tunda shi muka fi sani. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, wani lokaci ya haura. Motar da aka rufe aka bari a rana kuwa ba ta tsayawa a nan, saboda hasken rana yana ratsa gilashi ya shiga, kujeru da allon gaban direba su sha shi su mayar da shi zafi, zafin kuma ya rasa mafita. A 2005 waɗansu masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka sun auna wannan al'amari, suka tarar cikin sa'a guda zafin cikin mota yana ɗara na waje da kimanin digiri 22, kashi 80 cikin ɗari na ƙarin yana aukuwa a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashi ɗan kaɗan bai canja lissafin ba sai abin da ba a rasa ba. In muka ɗora wannan a kan zafinmu na Afrilu, mun haura digiri 60. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana ɗaukar zafi da sauri ninki uku zuwa biyar bisa na babba, kuma da zarar zafin jikinsa ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓin ciki sun shiga haɗari.

Saboda haka uban da ya tsaya a bakin Kurmi ko Kantin Kwari, ya waiga ya ga yaro ya yi barci a kujerar baya, ya ce bari ya bar shi, ai yanzu zai fito, ya sani cewa ciniki da gaisuwa ba su da agogo, kuma mintunan da yake rainawa su ne mafi tsanani. Akwai kuma wata musiba da ta fi kusa da mu mazauna cikin birni, inda gidajenmu na gado ba su da wurin ajiye mota: matattun motocin da ake yasarwa a ƙofar gida ko a bakin lungu shekara da shekaru, tayoyi sun sace, ƙofofi ba a kulle ba, yara suna shiga suna wasan direba. Ƙofar irin wannan mota takan buɗe daga waje ta ƙi buɗewa daga ciki. A watan Disamba na 2021, a yankin Badagry na jihar Legas, an tarar da yara takwas sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye. Wanda ke da irin wannan mota, wajibi ne ya kulle ta ya ɓoye makullin, ko ya kai ta ga masu sayen ƙarfe; in kuwa yaro ya ɓace a unguwa, kafin a tafi gidan mai unguwa ko a kai cigiya gidan rediyo, a fara leƙa motocin da ke kusa, har da but.

Amma yadda ake aiki da na'urar sanyi, tsarinsa mai sauƙi ne. Wanda ya fito daga sallar Juma'a ya tarar motarsa ta sha rana, kada ya rufe kansa ya kunna iyakwandishan nan take. Ya sauke gilasai duka, ya kunna fanka, ya yi tafiyar minti ɗaya ko biyu iskar waje ta kore ta ciki, sa'an nan ya ɗaga gilasan ya kunna sanyi. A jikin allon akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya lanƙwasasshiya a cikinta, wanda aikinsa shi ne ya toshe iskar waje ya riƙa juya ta ciki. Yana da amfani a cunkoson Ƙofar Mata, inda hayaƙin Adaidaita Sahu ke tashi, da kuma lokacin hunturu in hazo ya sauka. Amma in mota cike take da mutane, tafiya kuma ta yi nisa, kamar daga nan zuwa Kaduna, barinsa a kunne yana tara numfashin da aka fitar, sai kai ya yi nauyi, hamma ta yawaita, gyangyaɗi ya zo wa direba alhali yana zaton gajiya ce kawai. Maganinsa a riƙa buɗe wa iskar waje hanya lokaci lokaci. A yawancin motocin zamani akwai matatar iska a bayan akwatin gaban fasinja, wadda ƙurar hunturu ke toshewa. A ciro ta a kaɗe, ko a sake sabuwa. Gas ɗin na'urar kuwa ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, saboda haka wanda ke zuwa ƙarin gas kowane wata biyu, huda ce a motarsa, ita ya kamata bakanike ya nema.

Da damina, musamman a Agusta, in ruwa ya sauko aka rufe tagogi, gilashin gaba kan yi raɓa ta ciki, sai ka ga direba ya cire hularsa yana gogewa, ko ya naɗe hannun babbar riga yana sharewa, hannu ɗaya a sitiyari, ido rabi a hanya. Ba a bukatar wannan. Na'urar sanyi tana tsotse damshin iska. In aka kunna ta, aka juya iskar zuwa gilashin gaba, aka buɗe wa iskar waje, cikin ɗan lokaci gilashin zai washe.

Saura abu guda a wannan fasali, shi ne mafi ɓoyuwa. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi ninki fiye da 200. Ita ce dai ke hallaka iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. In salansa ta huje, ko aka bar inji yana aiki a rufaffen gareji, tana shiga mota, ta fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ta ƙare da barcin da ba a farkawa. Direban da ya tsaya a tasha da dare, ya ɗaga gilasai, ya bar inji da sanyi a kunne domin ya tsere wa sauro, ya sayi daɗin sa'a guda da tsada mai yawa.

Fasali na biyu: gilashi

Direba yana zaune ne a gefen da motoci masu tahowa ke wucewa, don haka gwiwar hannun da yake ɗorawa a taga ita ce abu na farko da mota mai gogar tasa za ta samu. Haka kan yaron da ke leƙe ta tagar baya a lungun da bango ke kusa. Gilashin da ake ɗagawa da lantarki yana da ƙarfin da zai karya ɗan yatsa, ya kuma shaƙe wuyan yaro. Sababbin motoci suna da dabarar da ke mayar da shi ƙasa in ya ci karo da wani abu, amma mafi yawan motocinmu tsofaffi ne 'yan Kwatano, ba a dogara da wannan. A ƙofar direba akwai maɓallin da ke kulle tagogin baya, a gefen ƙofofin baya kuma akwai ɗan makulli da ke hana buɗe su daga ciki. Mai yara ya yi aiki da su, kuma kada ya fita ya bar makulli a jiki.

Game da gilashi mai duhu, akwai doka tun 1991 da ta hana shi sai da izni bisa dalilin lafiya ko tsaro. Ban da doka ma, duhun da ake jin daɗinsa da rana shi ke ɓoye mai keke da almajiri bayan magariba. Na san da yawa suna ɗaga gilashi a cunkoso saboda masu ƙwacen waya, wannan kuwa hankali ne. Abin da ba hankali ba shi ne sauke shi domin a jefar da ledar ruwa a titi, wadda ƙarshenta kwata, ta toshe magudanar da ke kai ruwa Jakara, ambaliya ta dawo wa wanda ya jefar da maƙwabcinsa. In kuwa ƙaddara ta sa mota ta faɗa ruwa mai zurfi, ƙofa ba za ta buɗe ba saboda nauyin ruwan da ke danne ta. A kwance bel, a sauke gilashi nan da nan tun lantarki bai mutu ba, a fitar da yara, a fita ta taga. In gilashin ya ƙi, na gefe ake fasawa ta kusurwarsa, domin na gaba ninki biyu ne da roba a tsakani, tsagewa yake yi ba ya zubewa.

Fasali na uku: ja

A ƙasashen Turai mai ƙaramar mota kan ja ɗakin kwana ko kwalekwale; mu a nan abin da muke gani a baya shi ne injin kwaɓa siminti, da babban janareta mai taya, da tankin ruwa, da tirelar tarakta cike da buhuna, da motar da ta mutu a hanya, sa'an nan uwa uba tirela da tanka masu shiga kasuwannin Dawanau da Singa. Girmansu ya bambanta, ƙa'idarsu ɗaya ce.

Ƙa'ida ta farko nauyi. Kowace mota an rubuta iyakar abin da za ta iya ja a littafinta, kuma abin da ake dubawa ba ƙarfin injin da zai motsa kayan kaɗai ba ne, har da birkin da zai tsayar da su. A Turai ba a yarda a ja tirelar da ba ta da birkin kanta ba in ta wuce kilo 750. Ta biyu rabon kaya: kimanin kashi 60 cikin ɗari su kasance gaban tayoyin tirelar, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau. In nauyi ya rinjaya baya, yakan ɗage bayan motar, da an yi sauri sai tirela ta fara lilo hagu da dama, kowane lilo ya fi na baya faɗi. A nan ne direba ke kuskure, ya taka birki da ƙarfi ko ya yi kokawa da sitiyari, alhali abin da ake so ya riƙe sitiyari sak, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu da kanta har lilon ya kwanta, sa'an nan ya tsaya ya gyara lodi.

Ta uku ƙulli. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku dubi direban kirki kafin ya tashi: yakan durƙusa ya ga ƙarfen ja ya zauna a mazauninsa, ya zura fil ɗin kullewa, ya ɗauko sarƙoƙi biyu ya gitta su a ƙarƙashin ƙarfen, yadda in ƙullin ya kuɓuce zai faɗa kansu maimakon ya caki kwalta, ya sa yaron mota ya tsaya a baya, shi kuma ya taka birki, ya kunna sigina dama da hagu, yaron yana cewa ta kama, ya zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya, in tirela babba ce ya haɗa bututun iska biyu, ya jira ma'aunin iska ya cika, ya ɗan ja kan motar alhali birkin bodi yana kame, domin ya tabbata ƙusar ta kulle. In ya yi tafiya kaɗan ya sake tsayawa ya taɓa igiyoyi, domin kaya sukan zauna su saki.

Ta huɗu gudu da tazara. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tirela da tanka 45 da 50 da 60. Motar janwe kuwa in tana ja, 45 ko'ina. Hikimar wannan ita ce, in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu yake yi. A gangare a sauka da ƙaramar giya, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya saki. A hawa kuwa, in allurar zafi ta fara tashi, a kashe na'urar sanyi don a rage wa inji wahala, a kunna ta ɗumi ta janye zafin ruwan, a nemi wuri a tsaya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. A kwana, tayoyin tirela ba sa bin sawun na gaba, suna yanke ciki, shi ya sa mai babur da ya kutsa tsakanin tirela da gefen titi a shataletale ya shiga wurin da direba ba ya ganinsa. Tankar da ba ta cika ba kuwa, ruwan cikinta yana tunkuɗa ta gaba in an taka birki, ya rinjaye ta gefe in an sha kwana. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoba na 2024 tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Ko tirelar da ta faɗi a gadar Hotoro a Fabrairun 2025 ɗauke da kaya da mutane, aka rasa fiye da ashirin. Bayan tirela wurin kaya ne, ɗan Adam ba buhu ba ne.

Jan matacciyar mota da igiya kuwa, wanda muke gani kullum a hanyar Ƙofar Ruwa, yana da nasa sharuɗɗa. In inji ba ya aiki, birki yana tauri, sitiyari yana nauyi, saboda abin da ke taimaka musu daga injin yake samun ƙarfi; in kuma aka zare makulli, sitiyarin yakan kulle gaba ɗaya a kwanar farko. Ƙarfen ja ya fi igiya. In igiyar ce ta samu, a ɗaura ta a ƙugiyar da aka yi dominta, a rataya mata jan ƙyalle a tsakiya don kada mai tafiya ya ratsa, wanda ke baya ya zama ƙwararren direba, ya riƙe ta a miƙe. Mota mai giyar otomatik kuwa, janta da nisa tayoyi a ƙasa yana ƙona giyar, ɗaukarta ake yi. In tirela ta lalace a hanya da dare, a sa mata waigi, a kafa alamar kusurwa uku mai ƙyalli nesa da ita, domin ganyen da ake zubawa a titi ba ya haske a duhu.

Kammalawa

Ya ku jama'a, mun saba in haɗari ya auku mu ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne babu abin da ke aukuwa sai da ikon Allah. Amma shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan kisan kuskure, ita ce kuma ta sa kiyaye rai cikin manyan manufofinta, da a ce sakaci uzuri ne da ba ta yi haka ba. Tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi.

Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni su zagaya lungunansu su sa a kulle ko a kwashe matattun motoci kafin bazara ta kama. Ina roƙon limamanmu su ba wannan mas'ala huɗuba guda a shekara. Ina roƙon shugabannin tasha kada su bar tirela ta tashi da mutane a bisa kaya, ko da sarƙa guda, ko da fitilar baya a mace, kuma iyayen gida su koya wa yaran mota dalilin kowane abu tare da aikinsa, domin yaron mota na yau shi ne direban gobe. Kai kuma mai ƙaramar mota, in ka tsaya, waiga kujerar baya kafin ka kulle ƙofa. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu fi ƙarfin sakacinmu.